Tsami da kanwa a wankin mota: yadda za ka zaɓi sabulun da ba zai cinye maka fenti ba

Tun shigowar hunturu tambayoyi iri ɗaya ake ta maimaita mana, daga direbobin haya na hanyar Wudil zuwa Gaya har masu wurin wankin mota a Ringim da Kazaure. Me ya sa fenti ke dusashewa alhali kullum ana wanke motar? Me ya sa wili ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari? Wane sabulu ya kamata a saya? Amsar ba ta wuce abin da kowace mai girki ta sani ba: in miyar yakuwa ta yi tsami, ɗan jiƙon kanwa ake zubawa ya kashe shi. Duk abin da ake wanke mota da shi, ko dai yana ɓangaren tsami, ko ɓangaren kanwa, ko tsakiya. Kowane datti yana da ɓangaren da ke narka shi, kowane sashe na mota kuma yana da wanda ke cin sa. Ga yadda ake bi daki-daki.

1. Gane lambar da ke jikin kwalba

Ma'aunin sunansa pH, haka za ka gan shi a rubuce a jikin kwalba ko jarka. Yana tashi daga 0 zuwa 14, kuma 7 ce tsakiya, inda tsabtataccen ruwa yake. Abin da ya sauka ƙasa da 7 asid ne, wato ɓangaren tsami. Wanda ya haura 7 masana na ce masa alkali, ba dai alƙalin kotu ba. Mu a nan ɓangaren kanwa za mu riƙa ce masa.

Ruwan lemon tsami yana wajen 2, ruwan khal, wato binega, tsakanin 2 da 3, ruwan tumatir 4 da 'yan kai. Asid ɗin batir da ruwan wanke masai mai asid suna can ƙasa, wajen 1 ko ƙasa da haka. A ɗaya gefen, bekin soda 8 da ɗoriya, sabulun wanki na sanda 9 zuwa 10, jiƙaƙƙen omo 10 zuwa 11, jiƙon kanwa da ruwan toka ma unguwarsu ke nan, bilic irin su Hypo 11 zuwa 13, kostik soda kuma 13 zuwa 14.

Inda ake yaudarar kai shi ne tazarar lambobin. Daga 10 zuwa 11 ba taku ɗaya ba ne, ninki goma ne. Omo mai 11 ya fi sabulu mai 8 kaifi sau dubu. Haka kuma wajen sirki: ka ɗauki kofi ɗaya na ruwan kostik mai 13 ka zuba shi a kofi tara na ruwa, 12 kawai zai dawo, ka ninka ruwan sau ɗari, a 11 zai tsaya. Saboda haka maganar yaran wanki ta "ai na sirka shi sosai" ba ta mayar da shi sabulun fenti.

Ɓangaren kanwa shi ke narka maiƙo: baƙin mai, giris, manja, gumin hannu, ƙwarin da suka fashe a gaban mota. Amma yana cin alminiyon, kamar yadda kanwa ke baƙanta tukunyar dalma, yana wanke kakin folish, yana busar da roba da fata. Ɓangaren tsami kuma shi ke narka abin da asalinsa dutse ne ko ƙarfe: farin tabon ruwa, tsatsa, siminti. Shi ma yana cin ƙarfen da ba fenti, ya bar noti da kusoshi suna tsatsa. Ƙura da laka, waɗanda su ne yawancin dattin motar karkara, ba sa buƙatar ko ɗaya. Ruwa da sabulun tsakiya, mai 6 zuwa 8, sun ishe su.

2. Gwada abin da ke hannunka kafin ya taɓa mota

Takardar gwajin pH ana samunta a shagunan kayan gwaje-gwaje na makarantu da asibiti a cikin Kano, masu kiwon kifi ma suna amfani da ita. Haɗa sabulun daidai yadda za ka yi wanki da shi, tsoma takardar na daƙiƙa biyu, ka gwada launinta da jadawalin da ke jikin kwalin. Wanda aka sirka ake gwadawa, domin shi ne zai hau mota.

In babu takarda, kicin ya isa. Dama garin gangamau da ɗan ruwa, shafa a farar takarda, ka bari ta bushe. Ɗiga sabulun a kai. In ta tsaya rawaya, sabulun bai wuce wajen 8 ba. In ta koma ja mai ruwan ƙasa, yana ɓangaren kanwa, kada ya hau fenti. Wannan gwajin ya fi kowanne dacewa da shamfun mota, domin daidai iyakar da ake nema launin ke juyawa.

Gangamau ba ya nuna asid, sai zoborodo. Jiƙa ɗan kaɗan a ruwan zafi, ba sukari ba kanwa, ka tace, ka sirka har ya zama ja mai haske. Zuba sabulun a farin kofi, sannan ka ɗiga zobon a ciki, ɗigo biyar ko shida. Ja jawur, asid ne. Shuɗi-shuɗi ko kore, kanwa ce. Hattara: zobo shi kansa mai tsami ne, in ka zuba da yawa zai danne sabulun ya ba ka amsar ƙarya. Bilic kuwa launin zai cinye gaba ɗaya.

Wanda ya fi buƙatar gwaji shi ne sabulun ruwan nan da ake haɗawa a gida a ɗura a gorar ruwa, wanda ake kira kawash. Da kostik soda da soda ash da salfonik asid ake yin sa, kuma salfonik ɗin ne ke kashe kaifin kostik. In mai haɗawa ya rage shi don yana cikin masu tsada, sabulun sai ya fito da kaifin 11 ko 12. Akwai masu haɗa mai kyau, amma gora biyu daga hannu ɗaya ma sukan bambanta, don haka kowace sabuwar gora a gwada ta. Kauri da yawan kumfa ba shaidar komai ba ne, da garin kauri ko gishiri ake kawo kaurin. Wata alamar kuma ita ce hannun mai wanki: in santsi ya ƙi fita daga yatsu bayan ɗauraya, ko fata tana fari tana tsagewa, abin da ke cin hannun yana cin motar.

3. Duba ruwanka

Wasu rijiyoyin da burtsatse ruwansu na da zartsi ko farar ƙasa a narke. Ɗiga shi a gilashi ka bar shi a rana. In ya bushe ya bar farin zobe, irinsa ne. Butar shayin da ke yin farin ɓawo a ciki da sabulun da ke ƙin kumfa duk shaida ɗaya ce. Kuskuren da ake yi shi ne ƙara omo don kumfa ta tashi, wato an ƙara kanwa a kan kanwa. Irin wannan ruwan ana wanki da shi, amma ba a barin sa ya bushe da kansa. Da damina a tari ruwan sama bayan rufi ya wanku, a ajiye jarka guda don ɗaurayar ƙarshe. Ruwan kududdufi kuma a bar shi ya kwana a duro, a ɗebi na sama, domin yashin cikinsa karce fenti yake.

4. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Abin da ake buƙata bai da yawa: shamfun mota na tsakiya, mai narka maiƙo da ake kira digiriza, kwalbar farin ruwan khal, bekin soda irin ta masu kek, bokiti biyu masu lita 10, tsumma mai laushi aƙalla huɗu, buroshin taya daban, gorar feshi biyu, safar hannu ta roba, da sirinji mai mil 20 daga kemis don awo. A Kasuwar Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ana samun yawancinsu. A jikin shamfun nemi inda aka rubuta "pH neutral" ko "pH balanced". Jarkar da ba ta da takarda ko kaɗan, ka ɗauke ta mai kaifi har sai gwaji ya wanke ta.

Kada kuɗin kwalba ya firgita ka, kuɗin wanki ɗaya za ka lissafa. Kwalba mai mil 500, in takardarta ta ce mil 25 a bokiti, wanki 20 ke nan. A ce naira 6,000 ka saye ta, kowane wanki ya kama 300. Omo ya fi haka araha, gaskiya ne, amma ka tambayi mai fenti nawa zai fesa maka bonet da rufi kaɗai, sai ka raba. Arha ba ta ado.

Ledar fiya wata mil 500 ce, ta isa ma'auni. Hattara: kada ka yi wanki da famfon feshin da aka taɓa zuba wa maganin ciyawa ko na ƙwari, ko da an ɗauraye shi.

5. Zaɓi lokaci, ka fara da ruwa zalla

Daga bayan asuba zuwa hantsi, ko bayan la'asar. Ɗora bayan hannunka a bonet. In ba za ka iya barin sa ba, jira. A bazara zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, ƙarfen da ke rana kuma ya fi haka nesa. A kan ƙarfe mai zafi ruwan sabulu ƙonewa yake nan take, sinadarin ya tattaru ya ƙara kaifi, sai ya bar zane-zanen da ba sa fita. Da hunturu ma iska na busar da ruwa cikin ɗan lokaci ko babu rana. Rumfa ta fi gindin darbejiya mai 'ya'ya ko mangwaron da jemagu ke kwana.

Kwarara ruwa daga rufi zuwa ƙasa har ƙura ta sauka. Laka da burji da suka daskare a jiƙa su, a ba su minti biyar. Ɗabi'ar tasha ta kaɗe busasshiyar ƙura da tsumma ita ke sa fenti zane kamar yanar gizo-gizo. Ƙaramar mota takan sha jarka biyu zuwa uku masu lita 25.

6. Taya da wili tukuna

Da su ake farawa domin fantsamarsu kada ta ɓata bodin da aka gama. Roba tana jure ɓangaren kanwa mai sauƙi: digiriza kashi 1, ruwa kashi 10, fesa a tayar, goge da buroshi, ɗauraye kafin ta bushe. Kumfa mai ruwan ƙasa da ke fitowa al'ada ce. Taya ɗaya-ɗaya ake gamawa.

Wili kuwa sai ka san irinsa. Na ƙarfe mai fenti da alminiyon mai fenti, shamfun tsakiya da buroshi mai laushi sun isa in ana wankewa duk mako. Alminiyon tsirara, mai ƙyalli kamar azurfa ko wanda fentinsa ya ɓare, ba ya jure kanwa kuma ba ya jure asid. Ko wanne ya taɓa shi sai ya yi fari-fari, kuma wannan ba datti ba ne da zai fita, ƙarfen ne ya ci. Baƙin garin da fatar burki ke bari yana ɗauke da ƙarfe. In ya manne, akwai maganinsa na musamman da ke komawa shunayya idan ya haɗu da ƙarfen. Yawancinsa na tsakiya ne, warinsa ne kawai ba daɗi. Minti uku zuwa biyar, a ɗauraye.

Hattara ƙwarai: wasu ruwan wanke wili da na tankokin alminiyon suna ɗauke da asid ɗin da aka rubuta "hydrofluoric" ko "ammonium bifluoride". Yana sa wili haske cikin daƙiƙu, shi ya sa ake son sa, amma yana cin gilashi, yana ratsa fata ya kai ƙashi, kuma wanda aka sirka ba ya fara zafi sai bayan sa'o'i. A ganinmu ba shi da wurin zama a wurin wankin da yara ke aiki ba takalmi. Ruwan wanke masai ma ba na wili ba ne: yau haske, mako mai zuwa notuna da farantin burki sun yi ja da tsatsa.

7. Bodi

Bokiti ɗaya na shamfu, ɗaya na ruwa zalla. Auna shamfun da sirinji yadda takarda ta ce. Ƙari ba ya ƙara tsabta, wahalar ɗauraya kawai yake ƙarawa. Tsoma tsumma a na sabulu, wanke rufi, girgije tsumman a na ruwa, matse, sannan ka koma na sabulu. Rufi, gilasai, bonet, but, ƙofofi, ƙasan ƙofofi da bamba a ƙarshe. Kowane sashe a ɗauraye shi kafin a wuce, a tsane da busasshen tsumma kafin iska ta riga ka.

In ƙasan ƙofa ya yi maiƙo, ko bamba ta sha hayaƙin salansa, nan kaɗai za a fesa digiriza 1 cikin 20, minti biyu, a ɗauraye, a bi da shamfu.

Yawancin motocin da suka zo da fentin kamfani suna da shimfiɗar ƙyalli a saman launi, wadda masu fenti ke kira kiliya. Motocin haya da Adaidaita Sahu da aka sake fesawa da araha galibi ba su da ita. Shafa ɗan folish da farin tsumma a lungun da ba a gani. In launi ya fito a tsumman, fentin tsirara yake, kuma shi omo ya fi saurin mayarwa kamar alli. Omo yana da laifi na biyu: garin da bai narke ba yana karta kamar yashi.

In kana ƙauye shamfu ya ƙare, shamfun wanke kai marar mai, ko na jarirai, cokali biyu a bokiti, ya fi omo sau nawa. Sabulun wanke kwanuka lambarsa kusa da tsakiya take, amma don maiƙo aka yi shi, yana kwashe folish. Nan ne za ka gane lamba ba ita kaɗai ce magana ba. Bayan wanki watsa ruwa a bonet: in ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya, kakin yana nan, in ya shimfiɗe, a sake shafa folish. Da zafin ranar ƙasar nan, duk wata biyu ko uku ake sake shafawa.

8. Tabon da ya ƙi fita

Farin tabon ruwa: ruwan khal kashi 1, ruwa kashi 1. Jiƙa tsumma, shimfiɗa a wurin minti ɗaya, goge, ɗauraye da ruwa mai yawa. In sau biyu bai fita ba, ya riga ya ci cikin fentin, sai mai folish da inji. Khal yana kwashe kaki, a mayar. Ruwan lemon tsami da aka tace ma yana yi, sai dai yana barin danƙo.

Siminti ɓangaren kanwa ne mai kaifi, ɗanyensa 12 zuwa sama. Motar da ta kwana kusa da gini ta sami fantsama, a jiƙa tsumma da khal zalla a ɗora minti biyar, a sake, har ya yi laushi ya ɓantare da farce ko katin roba. Kada a murza, yashi ne a ciki.

Kashin tsuntsu da na jemage asid ne, kuma a rana kwana ɗaya ya isa ya bar shaida. Ba a sa masa khal. Ɗora jiƙaƙƙen tsumma mai shamfu minti biyar, ka ɗauke shi sama ba tare da gogawa ba.

Kwalta ba ruwanta da tsami ko kanwa. Ɗan kananzir a tsumma, a dangwala har ta narke, a wanke da shamfu nan take. Fetur da tina suna dusashe fenti da robar bamba. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

9. Gilashi da fitila

Gilashi na jure khal. Kashi 1 cikin 4 na fiya wata, tsumma ɗaya na gogewa, ɗaya na tsanewa. Maiƙon da ke sa fitilar mota mai zuwa ta baje a ido da dare, ɗigon sabulun kwanuka ke cire shi, har da bakin robar waifa. Gilashin da aka manna wa baƙar leda a ciki ba ya son ruwan goge gilashi mai amoniya, yana sa ledar ta koɗe. Murfin fitilun motocin zamani roba ne. Digiriza mai kaifi, bilic da fetur suna sa shi hazo da ƙananan tsaga. Shamfu kawai. Kuma kada a zuba omo a tankin ruwan waifa, yana toshe bututu ya bar fari a bonet.

10. Inji da batir

Nan ne gidan ɓangaren kanwa, amma nan ne kuma alminiyon ya fi yawa: kan inji, altaneta, lagireto, bututun iyakwandishan. Injin babur kusan duk alminiyon ne, shi ya sa wanda ake wankewa da omo kullum yake yin toka-toka. Zaɓi digiriza mai 10 zuwa 11. Wadda takardarta ta ambaci "sodium hydroxide" kostik ce, a bar wa daɓen gareji.

Bari inji ya huce har ka iya dafa shi. Rufe altaneta, akwatin fiyus, bakin shaƙar iska da ƙwaƙwalwar mota da leda. Sirka 1 cikin 5 don maiƙo mai kauri, 1 cikin 10 don na yau da kullum. Fesa daga ƙasa zuwa sama, ba shi minti uku zuwa biyar, bi lunguna da buroshin fenti, ɗauraye da buta ko tiyo marar ƙarfi. Cire ledojin, tsane soket-soket, tayar da inji minti goma ya bushe. Fesa gas da baƙin mai a ƙarƙashin mota bayan wanki, da wasu ke yi don ƙyalli, yana kumbura robobin bushin, ya kuma riƙe ƙura.

Farin gari ko shuɗi a kan batir, aikin asid ne, kanwa ke kashe shi. Kashe mota, cire kan da ke da alamar ragi tukuna, sannan mai alamar ƙari. Cokali babba ɗaya na bekin soda a rabin ledar fiya wata, ko tataccen jiƙon kanwa in babu. Shafa da tsohon buroshin haƙori. Zai yi kumfa, in ta daina ya mutu. Ɗauraye, tsane, mayar da mai ƙari, sannan mai ragi, ka shafa basilin. Hattara: kada ruwan sodan ya shiga ramukan batir, zai kashe asid ɗin da ke ciki. Kuma ruwan batir iri biyu ake sayarwa da suna ɗaya, tataccen ruwa da asid. Na farkon yana da kyau wajen goge gilashi, na biyun ƙona hannu yake. Tambaya, ka kuma ɗiga zobo.

11. Cikin mota

Kaɗe kafet a waje. Kujerun yadi suna son kanwa mai sauƙi, 8 zuwa 10: digiriza 1 cikin 20, ko shamfu. Fesa a tsumma ko buroshi, goge, bi da tsumman ruwa zalla, tsotse da busasshe, ka bar ƙofofi a buɗe. Omon da aka bari a soso yana taurara yadi, yana jawo datti, yana sa ƙaiƙayi in an yi gumi.

Fatar gaske ɗan tsami gare ta, wajen 4.5 zuwa 5.5, don haka sabulun sanda da omo busar da ita suke har ta tsage. Ruwa mai ɗigon shamfun jarirai, sannan man fata. Dashbod da sitiyari, ɗanyen tsumma ya isa. Bel ɗin kujera ba ya haɗuwa da bilic, yana raunana zaren.

Tabo kuma kowanne da nasa. Manja da man gyaɗa, sabulun kwanuka. Goro, shayi da zobo, ruwan khal 1 cikin 3; sabulu mai kanwa ƙara musu duhu yake. Jinin nama, ruwan sanyi, domin ruwan zafi dafa shi yake ya kama. Fura da nono, a tsotse da sauri, a wanke da shamfu, in ya bushe a barbaɗa bekin soda ta kwana, a kaɗe. Fitsarin yaro ko na akuya, khal da ruwa daidai wa daida. Hattara: bilic da fitsari, ko bilic da khal, ko bilic da ruwan wanke masai, suna tayar da iska mai guba, kuma cikin mota ɗaki ne rufaffe.

12. Bayan akori-kura da Kanta

Motar da ke ɗauko taki da damina, ko tumatir daga Kwanar Gafan, ko awaki ranar Alhamis daga Maigatari da shanu ranar Juma'a daga Wudil, daga ƙasan bodi take ruɓewa. Takin yuriya da NPK suna jan danshi daga iska su narke a lunguna, su hanzarta tsatsa. A share su a bushe tukuna, sannan a kwarara ruwa zalla mai yawa, har ƙarƙashi da kan sifirin. Ruwan tumatir asid ne: ɗauraya a ranar, sannan cokali huɗu na bekin soda a bokiti, a sake ɗauraya. Fitsari da kashin dabbobi a kankare, a wanke da shamfu, khal ya biyo baya don wari. In za a kashe ƙwayar cuta da bilic, wata rana daban ko bayan cikakkiyar ɗauraya, a sarari, minti goma, a wanke shi tas domin shi ma yana tsatsar da ƙarfe. Duk inda fenti ya ɓare a shafa jan fentin hana tsatsa bayan ya bushe.

13. In ya taɓa jiki, da wurin ajiya

Asid ko kostik ya zuba a fata ko ido, ruwa mai gudana minti 15 zuwa 20, a cire rigar da ta jiƙe. Ba a gwada kashe asid da kanwa a jikin mutum, ba a shafa manja ko man goge baki. Ido ko ƙuna mai faɗi, a tafi asibiti da kwalbar a hannu. In ruwan wili mai asid ɗin da muka ambata ne, a tafi ko babu zafi. Wanda ya haɗiya kuma kada a sa shi amai.

Wajen sirki, ruwa ake fara zubawa, sinadari ya biyo baya a hankali. Rubuta suna da awon sirki a jikin kowace gorar feshi. Kada a ɗura komai a kwalbar lemo ko gorar ruwan sha. Kawash kore ko ja a gorar lemo abin sha ne a idon yaro. Masu tsami a gefe guda, bilic da masu kanwa a wani gefen, a sama, a inuwa. Ruwan wankin inji a jawo shi ramin da ke nesa da rijiya da mashayar dabbobi, kada ya gangara kwatar noman rani kamar ta Kadawa, inda shinkafa da tumatir ke shan ruwan.